Tarihin Makarantarku Yana Sito, Gara Tana Cinsa

A 2027 Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa za ta cika shekara 50 da buɗewa, ita da takwararta ta Dawakin Kudu. Wanda ya san halin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ya san abin da zai biyo baya: kwamiti, anko, kalanda, da ɗan littafi mai sheƙi wanda rabinsa hotunan manya ne, sai shafi biyu da aka rubuta wa "Taƙaitaccen Tarihi". Shafi biyun nan su ne damuwata. Galibi saura mako biyu biki ake ɗora wa wani su, shi kuma ya kwafo daga kalandar bara, wadda ita ma daga jawabin wani firinsifal aka kwafo ta, mutumin da bai taka garin ba sai da makarantar ta tsufa. To, kai da aka ɗora wa aikin, ko makarantarku a Dawakin Tofa take, ko Bichi, ko Dambatta, ko Bagwai, ko Tsanyawa, shawarar nan taka ce.

Ka fara da cire wa ranka cewa shekarar da ke jikin allon bakin ƙofa ita ce amsar komai. Makarantar gwamnati ba rana ɗaya take samuwa ba. Akwai ranar da aka yanke shawarar kafa ta, akwai ranar da dokarta ta fito a gazet, akwai ranar da ɗan kwangila ya miƙa makulli, akwai ranar da yaran farko suka sauka daga mota da akwatunan ƙarfe, sannan akwai ranar da gwamna ya zo ya yanke zare, wadda takan zo bayan an daɗe ana karatu. Dawakin Tofa kanta misali ce. A 1977, zamanin mulkin Kanal Sani Bello, aka fara makarantun kimiyyar nan biyu, amma a gine-ginen sakandaren da suke nan tun kafin lokacin. Ɗalibanta na farko ma ba daga firamare suka zo ba, zaɓo su aka yi ta jarrabawa daga sauran sakandaren jihar bayan sun gama aji biyu. Ka ga ke nan ginin ya girmi sunan, kuma akwai mutanen da suka kwana a ɗakunan nan waɗanda ba a lissafa su cikin tsofaffin ɗaliban kimiyya. Marubucin da ya fara daga 1977 kawai ya share su.

Don haka aikinka na farko a gida za ka yi shi: ka sami takarda ɗaya ka jera duk sunayen da makarantar ta taɓa amsawa. Fayil da sunan da ake kiran makaranta a lokacin ake buɗe shi, ba da sunanta na yau ba. Wanda ya je neman "Barewa" a takardun shekarun 1920 zai dawo hannu rabbana, domin a lokacin Kwalejin Katsina ce. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai 1971. Irin wannan ya cika ƙasarmu. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, kwalejojin horon malamai sun yawaita a garuruwan hakimai, daga baya da yawansu aka mai da su sakandare, wasu aka ba wata hukuma gininsu. Sannan kada ka manta, kafin Agustan 1991 Kazaure da Ringim da Gumel da Haɗejiya duk Jihar Kano ne, saboda haka malamin da ka ga an yi masa canjin wurin aiki zuwa Taura ba barin jihar ya yi ba.

Daga nan sai makarantar kanta. Mutane da yawa suna ɗokin tafiya ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna tun ba su leƙa ofishin da suka yi shekaru suna wucewa ta gabansa ba. Takardun Kaduna suna da masu gadi da albashi. Na sito ba su da kowa, kuma kowace damina sai an yi asarar wasu. Ka je da wasiƙa daga ƙungiya, ka gai da firinsifal yadda ya kamata, ka gaya masa a fili cewa tarihi kake nema, ba binciken kuɗi ba, domin da ma'aikaci ya ji ana maganar tsofaffin fayiloli abin da ke fara faɗo masa a rai ke nan. Idan ya ce sai ka kawo izini daga hukumar da ke sama da shi, kada ka ji haushi, ka je ka karɓo. Amma mutumin da za ka riƙe da hannu biyu shi ne akawun da ya fi kowa daɗewa, ko masinja, ko mai kula da sito. Firinsifal zuwa yake ya tafi. Shi kuwa Baba masinja ya san a wane ɗaki aka zuba kwalaye shekarar da iska ta yaye kwanon ofis.

Ka shiga da takunkumi da tocila da tsumma, kuma kada ka cusa hannu bayan kwali sai ka haska, kunama tana son irin wurin. Na taɓa shiga siton wata makaranta na ɗaga wata rajista mai bangon kyalle, daga waje garau, ina buɗe ta tsakiyar ta zubo ƙasa kamar garin tuwo: gara ta bi ta jikin bango ta cinye cikin ta bar fatar. Abin da ya tsira shi ne abin da aka ɗora a kan teburin ƙarfe. Idan ka tarar da irin wannan, kafin ka karanta komai, ka nemi a ɗage kwalayen daga ƙasa a janye su daga jikin bango.

Abin da ya fi komai daraja shi ne logbuk, littafin da shugaban makaranta yake rubuta abin da ya faru da hannunsa, da kwanan wata. A nan za ka ga ranar da aka buɗe zango, ranar da famfo ya lalace aka koma ɗiban ruwa a rijiyar gari, ranar da sanƙarau ko ƙyanda ta sa aka sallami yara, ranar da ɗalibai suka yi bore kan abinci. Wani shugaban marowaci ne, layi ɗaya yake rubutawa a mako. Wani kuwa ya mai da littafin abokin hira, har fushinsa da ma'aikatar ilimi za ka tarar a ciki. Ka lura da inda rubutun hannu ya canja, nan ne aka yi canjin shugaba, kuma sau da yawa ya fi allon sunayen da ke rataye a ofis gaskiya, domin allon daga baya aka zana shi, kuma masu riƙon ƙwarya ba sa samun shiga.

Sai rajistar shiga. Ka zauna da ita sosai, kada ka tsaya neman sunanka da na abokanka. Kowane layi yaro ne: lambarsa, sunansa, sunan mahaifi ko mariƙi, garinsu, makarantar da ya fito, ranar shiga, ranar fita, da dalilin fita. Ka ɗauki shekara ɗaya ka ƙirga yara nawa ne daga birni, nawa ne daga ƙauyukan da ke kewaye da makarantar. Ka ƙirga nawa aka rubuta wa sun gudu, kuma a wane wata. Idan ka ga gudun ya taru a farkon damina, ka san gona ce ta kira su. A makarantar 'yan mata ka duba sau nawa kalmar aure ta fito a gurbin dalili, ka kwatanta shekarun farko da na baya. Wannan ƙidayar da ka yi da hannunka ta fi duk wani jawabin biki faɗin abin da makarantar ta yi wa yankin. Hattara da abu biyu dai. Ranar haihuwa a irin waɗannan littattafai yawanci ƙiyasi ce, shi ya sa za ka ga rabin aji an haife su ranar 1 ga Janairu. Sannan yara da yawa da sunan gari aka yi musu rajista, wane Bichi, wane Kunchi, wane Tofa, har a sami mutum uku masu suna ɗaya a shekara ɗaya. Da lamba za ka bambance su.

Littafin baƙi zai ba ka sa hannun gwamnoni da kwamishinoni da sufetoci, da ranar zuwansu. Littafin sito kuwa kowa yana raina shi, alhali shi zai gaya maka buhu nawa na gero da wake ake ci a wata, da lokacin da shinkafa ta shigo, da lokacin da nama ya ɓace daga tukunya. Idan ka ci karo da takarda marar kwanan wata, ka duba kuɗin da ke jikinta: fam da sule da kwabo kafin 1 ga Janairun 1973 ne, naira bayan nan.

Fayil kuwa daga ƙasa ake karanta shi, domin tsohuwar wasiƙa ce a ƙasa, sababbi aka riƙa ɗorawa a kanta. Kada ka kwance igiyar, kada ka sake jera takardun yadda ka ga sun fi kyau. Yadda suke ɗin nan shi ma shaida ne. Ga kuma dabarar da za ta rage maka yawo: kowace wasiƙar gwamnati gida biyu gare ta. Wadda ma'aikata ta aiko tana ɗauke da lambar fayil a samanta, kuma kwafinta yana can a fayil mai wannan lambar. Ka rubuta lambobin nan duka. Ranar da ka je Kano, maimakon ka ce wa ma'aikaci "ina neman tarihin makarantarmu", wanda amsarsa ita ce "ka dawo gobe", sai ka ce ga lambar fayil ɗin da kake nema.

Wayarka ta isa aikin ɗaukar hoto, muddin akwai haske. Ka fito da littafin zuwa baranda, a inuwa, ka fara ɗaukar bangonsa, sannan shafi bayan shafi ba tsallake, har da waɗanda kake ganin ba su da amfani, domin ba lallai a sake buɗe maka ɗakin ba. Ka riƙe littafin rubutu na musamman, kowane abu ka rubuta daga wane littafi ne, shafi na nawa, a wane ɗaki ka same shi. Da fensir za ka yi aiki kusa da tsohuwar takarda, ban da biro. Kada ka liƙe yagaggen shafi da salatif, kada ka kai shi a manne shi cikin leda da zafi. Duka biyun kashe takarda suke yi sannu a hankali. Kuma komai amanar da ke tsakaninka da akawu, kada ka tafi da littafi gida "na kwana biyu". Yawancin logbuk ɗin da suka ɓata ba gara ce ta ci su ba, masoyan makarantar ne suka ara.

In kwaleji ce ta gaba da sakandare, irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Bichi ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, to ofishin magatakarda za ka nufa. A can ake ajiye bayanan zaman majalisar gudanarwa da na hukumar malamai, da littattafan bikin yaye ɗalibai. Ta Bichi ta tarayya ce, don haka wani sashe na labarinta yana Abuja, a hukumar kula da kwalejojin ilimi da aka kafa a 1989.

Yanzu ne za ka fita waje, kuma shekarar makarantar ce za ta gaya maka inda za ka dosa. An ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayun 1967. Duk makarantar jiha da aka kafa bayan nan, takardunta a Kano suke: Ma'aikatar Ilimi a Gidan Murtala, Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ga masu kimiyya, da Hukumar Tarihi da Al'adu. Ka nemi tsofaffin gazet da littattafan kasafin kuɗin jiha. Shekarar da sunan makarantarku ya fara bayyana a kasafi hujja ce mai ƙarfi. Ka shiga ɗakin karatu na Jami'ar Bayero ka duba kundayen digiri, don akwai yiwuwar wani ɗalibi ya riga ka, ya kuma yi hira da mutanen da yanzu sun rasu. Mai rubuta tarihin Dawakin Tofa dai ba shi da uzuri idan bai karanta binciken digirin digirgir da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988 ba, domin a kan makarantun kimiyyar Kano ne, daga 1977 zuwa 1987. Jaridu ma suna taimakawa wajen ranar biki da ranar rikici: Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, New Nigerian tun 1966, Triumph tun 1980. Sai dai jarida abin da gwamnati ta ce za ta yi take bugawa, ba lallai abin da ta yi ba.

Kaduna ta masu tsohuwar makaranta ce, irin elementaren garin hakimi ta zamanin En'e. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ka tambayi jerin fayilolin Lardin Kano, waɗanda ake wa laƙabi da KANOPROF, da na sakatariyar lardunan Arewa, wato SNP. Rahoton shekara-shekara na lardi da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi sukan ambaci makaranta da yawan yaranta. Ka leƙa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mai da cibiyar bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, kuma ka ware kwanaki, ba aikin je-ka-dawo ba ne.

Akwai babin da kusan duk littattafan biki suke tsallakewa, ni kuwa a ganina da shi ya kamata a buɗe: filin makarantar gonar wa ce? A karkarar da ta kewaye Kano babu dajin banza. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka buga bincikensu kan wannan yanki, inda gona ke jikin gona, ana nomanta kowace shekara, taki ne ke riƙe da ita. Saboda haka duk makarantar kwana da ka gani da filin ƙwallo da gidajen malamai, gonakin mutane ne, wasu na gado tun kaka da kakanni. Wani ya bayar da daɗin rai, wani an fi ƙarfinsa ne. In an yi sa'a za ka sami takardar biyan diyya a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ƙasa, da sunayen masu gonakin, da lissafin ɗorawa da tsamiya da kuka da ke ciki, musamman bayan dokar filaye ta 1978 da ta mai da diyya kan abin da ke bisa ƙasa. In ba a samu ba, to labarin yana bakin dattawa.

Zuwa wurinsu yana da ƙa'ida. Ta ƙofar hakimi za ka shiga, a Dawakin Tofa gidan Madakin Kano, a Dambatta gidan Sarkin Bai, shi zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa. Ka tafi da goronka. Kada ka je da damina, kowa yana gona. Bayan an gama girbi ne bakin manomi ke buɗewa. A Dambatta kada ka sa rana Lahadi, kasuwa ke ci. Kuma kada ka tambayi tsoho "a wace shekara?", zai ba ka lamba don kada ya ba ka kunya. Ka ce, "Baba, lokacin da aka auna filin nan, an yi canjin hannu ko ba a yi ba?" Canjin hannun tuƙi Afrilun 1972 ne. Babban fari 1973. Kisan Murtala 13 ga Fabrairun 1976. Rikicin Maitatsine Disambar 1980. In ya ce shekarar canjin kuɗi, ka tambaye shi na Gowon ko na Buhari, domin tsakanin 1973 da 1984 akwai tazara. Da haka za ka matse abin tsakanin shekaru biyu ko uku, takarda ta ƙarasa maka.

Kada hirarka ta tsaya kan tsofaffin ɗaliban da suka zama likitoci da kwamishinoni. Ka nemi tsohon kuku, da maigadi, da direban motar makaranta, da iyayenmu mata da suka yi shekaru suna sayar da ƙosai da gyaɗa a bakin waya. Su suka ga makarantar da daddare da lokacin hutu. Wurin mata kuwa, musamman tsofaffin ɗalibai da ke gidajen aure, ka tura 'yar'uwarka ko wata malama. Abin da za su gaya mata ba za su gaya maka a zaure ba. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka faɗi suna da rana da wuri a farkon ɗaukar.

Za ka tarar takarda da baki sun saɓa, wani lokacin takarda da takarda. Kada ka ɗauka takarda ce mai gaskiya kullum: shugaban da ya san sufeto zai karanta logbuk ba zai rubuta laifin kansa ba, kuma yawan ɗalibai yakan kumbura a takardar da ake neman kuɗin abinci da ita. Abin da aka rubuta a ranar da abu ya faru ya fi wanda aka rubuta bayan shekara 20, wanda ya gani ya fi wanda aka ba labari, kuma duk mai magana ka tambayi kanka me zai samu in an yarda da shi. Inda ka kasa rabewa, ka kawo duka biyun ka faɗi mai kowace magana. Kwamiti zai matsa maka ka zaɓi shekarar da ta dace da bikin da aka riga aka buga wa kati. Ka ba su bikinsu, amma a cikin littafi ka rubuta abin da ka gani.

Littafin horo da sakamakon jarrabawa da takardun asibiti amana ne. Yaron da aka yi wa bulala shida kan satar fita a 1979 yau limami ne ko kakan wani. Ka faɗi irin laifuffukan da irin hukuncin, ka bar sunaye.

Hotunan da ka ɗauka kuma kada su kwana a wayarka kaɗai. Ka juye su a kwamfuta, ka ɗora kwafi a intanet da adireshin ƙungiya wanda aƙalla mutum uku suka san mabuɗinsa, ka buga muhimman shafuka a takarda a ɗinke. Kwafi ɗaya na ofishin firinsifal, ɗaya na Hukumar Tarihi da Al'adu, ɗaya na ɗakin karatun Jami'ar Bayero. Sannan a cikin kuɗin bikin, kafin a sayi anko, ka sa a ware na kabad ɗin ƙarfe mai makulli da feshin maganin gara, da sabon logbuk in ka tarar an daina rubuta shi, a damƙa wa firinsifal a gaban taro.